Ku Tambaya Mu Amsa: Ɗan Bawan da Ya Mallaki Jiragen Ruwa

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni malamin firamare ne a wani ƙauye kusa da Ringim. A majalisarmu ta bakin masallaci wani ya ce a zamanin da ake sayar da baƙaƙen fata a Amurka, akwai baƙin mutum mai jiragen ruwa nasa na kansa, wai ma Bahaushe ne. Musu ya kai har kiran sallar Isha'i. Ka raba mana gardama.

Amsa: Wa'alaikumus salam Malam. Rabin zancen abokinka gaskiya ne. Mutumin sunansa Paul Cuffe, an haife shi a 1759 a wani ɗan tsibiri mai suna Cuttyhunk a Masachusets, lokacin ƙasar tana hannun Turawan Ingila. Sai dai ba Bahaushe ba ne. Ubansa mutumin Akan ne daga ƙasar da muke kira Gana yau, an kama shi yana yaro aka sayar. Sunansa Kofi, wato wanda aka haifa ranar Juma'a, Ɗanjuma ke nan a wajenmu. Ubangidansa ya 'yanta shi, ya auri Ruth Moses, 'yar ƙabilar Wampanoag masu asalin ƙasar, suka haifi 'ya'ya goma, har ya sayi gona mai eka 116. Da Paul ya girma sai ya ajiye sunan ubangida, Slocum, ya ɗauki na ubansa. Kofi ne bakin Bature ya mayar Cuffe.

Uban ya rasu a 1772. Paul yana saurayi ya shiga jirgin masu farautar manyan kifayen tekun nan da ake tatsar mansu a kunna fitila. A 1776, ana yaƙin neman 'yancin Amurka, sojojin ruwan Ingila suka kama shi suka tsare wata uku a Niyok. Da ya fito, shi da ɗan'uwansa suka haɗa ƙaramin jirgi, bai fi manyan kwale-kwalen da kuke gani a kogin Haɗeja da wani abin kirki ba, yana kai kaya tsibirin Nantucket ta tsakiyar jiragen yaƙin Ingila da suka tsare teku. 'Yan fashin ruwa sun ƙwace masa kaya fiye da sau ɗaya, ya koma ya sake.

Abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne yadda ya tafiyar da harkar, domin kamar gidan fataken Kano na dā ne. A garin Westport ya kafa wurin ƙera jirage tare da mijin 'yar'uwarsa, Michael Wainer. 'Ya'yan Wainer su ne suka zama matuƙa da shugabannin jiragen. Duk ribar da ƙaramin jirgi ya kawo, a zuba ta a wanda ya fi shi, har aka kai ga Alpha mai nauyin tan 268 a 1806. Kakana mai fataucin goro haka ya yi da jakuna: ba ya ɗaukar bare matuƙar akwai ɗan ƙane a gida. Matar Paul, Alice Pequit, ita ma Wampanoag ce, sun yi aure a 1783.

Bai kasance mai haɗiye magana ba. A 1780 shi da ɗan'uwansa John suka rubuta wa hukuma cewa ba daidai ba ne a karɓi harajinsu alhali ba a barin su su yi zaɓe. Ya gina makaranta a filinsa, yaran baƙi da na farare suna karatu tare. A 1812 da 'yan kwastan suka riƙe masa jirgi da kaya, sai ya tafi Washinton ya ga Shugaba James Madison ido da ido, aka sakar masa.

Sau biyu ya taso daga Amurka zuwa Afirka da jirginsa Traveller. A 1811 ya je Saliyo ya duba kasuwa. A ƙarshen 1815 ya kwaso baƙaƙen fata 38 masu son komawa, suka sauka Freetown, babban birnin Saliyo, a Fabrairun 1816, kuma mafi yawan kuɗin tafiyar daga aljihunsa suka fito. Turawan da ke riƙe da cinikin garin ba su yi maraba da shi ba, ya sayar da kayansa da hasara. Ya rasu a Satumban 1817, aka binne shi a Westport. Ka gaida 'yan majalisa, ka ce wa mai cewa Bahaushe ne shayin gobe a kansa yake.