Auren da babu addini a ciki: doka ta san da shi a Sikotland?

Ɗan'uwa, ka ce kai da wadda za ka aura kuna zaune a Sikotland, ba kwa bin wani addini, kana so ka san ko auren da masu aƙidar ɗan'adamtaka (humanist, wato masu dogaro da hankalin ɗan'adam ba addini ba) ke ɗaurawa yana da ƙarfi a doka. E, yana da shi. Tun 2005 hukumar ƙasar ta amince da irin wannan aure, kuma ba sai kun sake zuwa ofishin rajista an maimaita ba. Ku za ku zaɓi wurin, ko lambu ko bakin teku, ku kuma rubuta alƙawuran da za ku yi wa juna da bakinku.

Sai dai akwai sharaɗi, kuma a nan mutane ke tuntuɓe. Dole mai jagorantar bikin ya kasance yana da izinin babban magatakardan ƙasar, kamar waɗanda ke ƙarƙashin ƙungiyar masu wannan aƙida, Humanist Society Scotland. Abokinka mai iya tsara zance bai wadatar ba. Ku miƙa takardar sanarwar aure, wato M10, aƙalla kwana 29 kafin ranar, ni dai shawarata ku ba da tazarar wata biyu ko uku. A wani biki da na halarta, ana cikin hotuna da tafi mai jagoranta ta tsayar da kowa, ta shimfiɗa takardar aure a kan tebur, ango da amarya da shaidu biyu suka sa hannu. Shaidun su kai shekara 16, kuma a mayar da takardar ofishin rajista cikin kwana uku.