Wasan chess: idan an turo sojoji kan sarkinka bayan ka yi kasil

Malam, na ga tambayarka, wato ka yi kasil (motsin da ake kai sarki gefe) ka ɓoye sarki a g8 sai abokin wasa ya fara turo sojojinsa (pawns) zuwa h4, g4, g5, kafin ka farga ya buɗe layin h, na gefen allo kusa da sarkinka, ya gama da kai.

Abu na farko, ka daina taɓa sojojin gaban sarki haka kawai. Wannan h6 da mutane ke so, shi ne maƙalin da g5 ke nema, da zarar sun haɗu layi ya buɗe. Idan dole ne, gara ka toshe, kamar yadda baƙi ke tura h5 a salon buɗe wasa na Sisiliyan Dragon, kar ka ci sojan da zai buɗe masa hanya.

Na biyu kuma wanda ya fi, ka buga tsakiya, d5 ko e5, domin duk motsin da ya kashe a gefe ya rage masa a tsakiya. In ya yi kasil ɗaya ɓangaren to tsere ne, kai ma ka tura b5, b4 ba tsoro. Musayar sarauniya ma na kashe harin, dokinka kuma ya zauna kusa da f6.

Duba wasan manyan 'yan wasa Fischer da Larsen na 1958 ka ga yadda mai hari, Fischer, ya tura h5 ya buɗe layin h. Sannan ka sa wasanninka a Lichess, shafin chess na intanet, don a duba maka su, ko ka zauna da wanda ya fi ka ya nuna maka inda ka makara.