Ƙirga jimillar awannin da famfo ya yi aiki a PLC

Ɗan'uwa, kana son ƙirga jimillar awannin da famfo ya yi aiki a PLC, wato kwamfutar da ke sarrafa injina, amma matsalarka ita ce duk lokacin da famfon ya tsaya, lissafin sai ya koma sifili. Halin TON, wato mai ƙirga lokaci na yau da kullum a PLC, ke nan, ba ya riƙe abin da ya ƙirga. Ka koma mai ƙirga lokaci da ke riƙe lissafinsa: TONR idan PLC na Siemens kake amfani da shi, ko RTO a na Allen-Bradley.

Amma kada ka bar shi ya yi ta tarawa. Yawancinsu suna cika ne a milisakan 2,147,483,647, wato kwana 25 ba kaɗan. Ni na fi son duk daƙiƙa 3600 a ƙara ɗaya a ma'ajiyar awanni, sannan a sake ƙirga daƙiƙun daga farko. Ma'ajiyar ta zama DINT, wato nau'in cikakkiyar lamba marar ɗigo, kuma wadda ba ta gogewa in an ɗauke wuta. Guji REAL, wato nau'in lamba mai ɗigo, domin idan adadin ya yi yawa sai ta daina ganin ƙaramin ƙari.

Inda aka fi tuntuɓe: ƙirga umarnin kunnawa. Famfo na iya katsewa alhali umarnin na nan, awanni na ta hauhawa a banza. Ɗauko alamar cewa famfon na aiki daga kontakta (makunnin da ke ba injin wuta) ko VFD (na'urar da ke sarrafa gudun injin). Jona wayar nan a cikin akwatin wuta kuwa, bar wa ƙwararren ma'aikacin lantarki.