Amira, ki sa baki kafin arba'in

Malama Amira, kin ce wata ɗalibarku ta Islamiyya ta haihu, yau wata guda ba ta barci, sai kuka, ko jinjirin ba ta son ɗauka, mutanen gida kuma sun ce iska ce, shin ya dace ki sa baki? Ki sa, kuma kada ki jira a yi arba'in. Kukan da mai jego kan yi a kwanakin farko yakan wuce cikin mako 2. Wanda ya zarce haka sau da yawa ciwon damuwa ne na bayan haihuwa, kuma yana da magani. Ki raka ta asibitin da ta yi awo ta faɗa wa ma'aikaciyar jinya da bakinta. In da buƙata za su tura ta asibitin ƙwaƙwalwa, irin na Dawanau a Kano, Barnawa a Kaduna ko Kware a Sakkwato.

Sai dai ki biyo ta hannun miji da uwar miji. A ƙungiyarmu ta mata mun ga yadda ake rufe ƙofa in aka tsallake tsohuwa, don ita ke dafa ruwan wanka, ita ke dama kunun kanwa, maganarta ake ji. Ki zauna da ita, ki fara da abin da ta gani da idonta: kwanon tuwo yana dawowa ba a taɓa ba, yarinya tana ramewa. Kada ki ja da su kan ruƙiyya, a ci gaba da addu'a ana shan magani. Amma in mai jegon ta ambaci mutuwa ko cutar da jinjirin, ranar za a kai ta, kuma kada a bar ta ita kaɗai a ɗaki.