Tsakanin "Gani" da "Ganewa"

Wata malamar firamare daga Damagaram ta tambaya: "Malam, shin 'gani' da 'gane' asalinsu ɗaya ne, ko kama ce kawai?"

Malama, tushensu ɗaya. Tun 1960 masanin nahawu F. W. Parsons ya kasa aikatau na Hausa zuwa aji bakwai, kuma aji na huɗu, mai ƙarewa da "-e", yakan nuna an kai aiki ƙarshensa. Duba "saya" da "saye", ko "ci" da "cinye", ko "sha" da "shanye". Wanda ya sha ruwa yana iya bari saura a kwano, wanda ya shanye kuwa bai bar ko ɗigo ba. To haka "gane" yake: gani ne da ya kai maƙura, ido ya kama abu har zuciya ta karɓa. Shi ya sa za ki ji mutum ya ce "na gan shi amma ban gane shi ba". Daga tushen nan muka samu "gano", wato ganin abin da yake ɓoye, da "ganau", wanda abu ya faru a gabansa, kishiyar "jiyau". Ko "basira" da muka aro daga Larabci, a can ma daga kalmar gani ta fito. Wannan haɗuwa tana burge ni ƙwarai.

Wani ɗalibi daga Zariya kuma yana neman fashin baƙin "Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani."

Ɗana, ka lura da aikatau biyun nan, "taka" da "hango". Bahaushe bai ce ba ka da ido ba. Idonka lafiya lau, har kana hango abin da ke nesa. Matsalar wurin tsayawarka ce. Je ka hau Dala: za ka ga Goron Dutse sarai, za ka ga rufin gidajen birni, amma dutsen da ke ƙarƙashin tafin ƙafarka ba za ka ga siffarsa ba sai ka sauko ka ja da baya. Akwai kuma abin da masu fassara suke tsallakewa. Tudun da ka taka shi ne ya ɗaga ka har ka iya hangen. Marowaci ya fi kowa saurin gano rowar maƙwabcinsa, domin ya san hanyoyinta a cikin kansa. Ina gaya wa ɗalibaina, duk halin da ya fi ɓata musu rai a jikin wani, su fara bincikarsa a nasu jikin.

Ka kuma nemi fashin baƙin "Hangen Dala ba shiga birni ba." Matafiyi yakan hango Dala tun yana nesa, alhali da sauran tafiya kafin ya kai ƙofar gari. Wanda ya ce "na san ina da saurin fushi" hange ya yi. Shiga birnin sai ranar da aka taɓa shi ya haɗiye maganar da ta zo masa baki.