Hukuncin Naman Doki Da Aka Sayar Da Sunan Na Sa

Tambaya: Allah gafarta Malam, ina zaune a Ingila da iyalina. Na ji an taɓa kama naman doki cikin niƙaƙƙen naman sa a kantunan nan. Mene ne hukuncin wanda ya ci, da na wanda ya sayar?

Amsa: Abin ya faru, ɗan'uwa. A Janairun 2013 hukumar kula da abinci ta Ayalan ta gano doki cikin naman da aka rubuta wa "sa", wani har kashi 29 cikin ɗari. Daga baya aka gano doki a wasu kayan abincin ma, aka bi sawu, sai ga namansu daga mayankar Romaniya, ya bi hannun dillalai zuwa Faransa, inda aka canza masa suna. A 2019 kotun Paris ta hukunta wasu daga cikinsu.

Malamai sun yi saɓani kan doki. Shafi'i da Ahmad sun halatta shi, don Asma'u 'yar Abubakar ta ce sun soke doki a zamanin Annabi (SAW) sun ci, kuma ranar Khaibara ya hana jakin gida ya yi rangwame kan doki. Imam Malik, wanda mazhabarsa muka tashi a kai, ya hana, yana kafa hujja da aya ta 8 cikin Suratun Nahli, wadda ta ambaci hawa da ado ba ta ambaci ci ba. Ni hujjar masu halattawa ta fi ƙarfi a wurina, amma ba na aibata wanda ya ƙaurace. Wanda ya ci cikin rashin sani kuwa babu zunubi a kansa.

Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne algus. Annabi (SAW) ya cusa hannu cikin tarin hatsi ya ji danshi a ƙasa, ya ce wanda ya yi ha'inci ba ya tare da shi. Mai sayarwan ya yi haram, ribarsa ƙazanta ce, kuma mai saye yana da haƙƙin mayar da kaya ya karɓi kuɗinsa. Dokar Tarayyar Turai ta 2002 da ta tilasta a san asalin kowane abinci ta dace da shari'a, wajibi ne ɗan kasuwa Musulmi ya bi irinta.

Sannan ka lura, binciken nan ya gano burbushin alade ma. Wanda ya yi ƙarya kan irin dabba ba a amince masa kan yanka. Ka nemi mahauci Musulmi amintacce, ya niƙa maka naman kana tsaye kana gani.

Wallahu a'alam.