Audugar silin a tsohon gida: amsoshin tambayoyinku

Tun da zafin bazara ya kankama, yawancin tambayoyin da ke shigowa kan abu guda suke, wato audugar nan da ake shimfiɗawa a saman silin don ta tare zafi. Iri biyu ce. Akwai audugar gilashi, wadda 'yan kasuwa ke kira faibagilas, akwai kuma audugar dutse, wadda aka fi sani da sunan kamfanin Rockwool. Na zaɓo biyar daga cikin tambayoyin.

Daga wani magidanci a Sakkwato: Gidan gado nake ciki, mahaifinmu ya gina shi da bulo a shekarun 1980, rufin kwano da silin katako. Daga Maris zuwa Mayu ɗaki ba ya shiguwa, fanka ma iska mai zafi take hurowa. Na tara kuɗin na'urar sanyaya ɗaki, sai wani kafinta ya ce in fara sa faibagilas. Wanne zan fara?

Alhaji, kafintan nan ya faɗa maka gaskiya, ka riƙe shi. A gidan da ba bene ba, ta sama mafi yawan zafi ke shigowa. Kwanon da ranar Afrilu ta doka yakan wuce digiri 60, ya gasa iskar da ke tsakaninsa da silin, silin ɗin kuma ya yi ta sauke maka zafin a ka har bayan isha'i. Gobe da azahar ka taka kujera ka ɗora tafin hannu a kan silin ɗinka, za ka ji da kanka.

Bari in yi maka lissafi na kimantawa. Ɗaki mai ƙafa 12 da 12 murabba'in mita 13 ne. Idan saman silin ya fi cikin ɗaki zafi da digiri 25, siririn katakon nan zai bar zafi kusan wat 1,000 ya sauko, kamar ka kunna dutsen guga ka ajiye shi a tsakar ɗaki tun hantsi har la'asar. Idan aka shimfiɗa auduga mai kaurin santimita 10, abin da zai sauko ba zai kai wat 150 ba. To ka ga in ka sayi na'ura ka bar silin haka, wani babban kaso na wutar da take sha wajen faɗa da wannan dutsen gugar zai tafi, kuma in a kan janareta ko sola kake, aljihunka zai gaya maka.

Amma kada ka ɗauka audugar tana sanyaya ɗaki. Ba ta yin sanyi, tare hanya kawai take yi. Sirrinta iskar da ta maƙale a tsakanin zarurrukanta, domin iskar da ba ta motsi ba ta saurin ɗaukar zafi. Shi ya sa kwando mai auduga ke riƙe ɗumin tuwo, ya kuma riƙe sanyin ƙanƙara. Zafin da ya riga ya shiga ta taga ko ta bangon yamma zai zauna, sai ka buɗe tagogi da dare iska ta kwashe shi.

Kafin ka kashe ko kwabo a kan auduga, a hau a duba yoyo. Auduga jiƙaƙƙiya ba ta tare komai, nauyi kawai take ƙarawa, ta ruɓar da katako, wata rana silin ya rufto. Gidan da ya shekara arba'in da wuya a rasa ƙusar da ta yi tsatsa ta bar huda. Bayan yoyo sai waya. Wannan shi ya fi damuna. Wayar lantarki tana ɗumi in tana aiki, iska ce ke sanyaya ta, in aka binne ta a cikin auduga zafin ba shi da wurin fita. Tsohuwar waya da robarta ta bushe, ko mahaɗar da aka murɗe da hannu aka naɗe da salatif, su ne mafarin gobarar silin. Ka kira mai wayarin ya sauya waɗanda suka tsufa, ya sa mahaɗai a cikin akwatinsu, ya ɗaga wayoyin su bi ta saman audugar. In akwai fitila mai zafi da aka nutsa a cikin silin, a bar mata sarari.

Sannan ka tsaya a kan aikin. Na taɓa hawa silin ɗin wani ɗan'uwana da ya yi ta ƙorafin ya kashe kuɗi a banza. Abin da na tarar shi ne masu aikin sun warware nadin a tsakiyar ɗaki, inda ido zai gani daga ƙofar silin, suka bar gefe da kusurwoyi fayau. Wani wurin kuma sun ɗora ragowar katako da buhun siminti a kai, audugar ta kwanta kamar tabarma. Inda aka danne ta, iskar ta fita, amfanin ya tafi. A yanka ta daidai da tsakanin katakai da wuƙa mai kaifi, ta zauna sakayau, gefe ya taɓa gefe. Kada ta toshe kafofin iska na bakin rufi, in ma babu su a buɗe, a sa musu ragar ƙarfe saboda ɓera da jemage. Aikin kuma da sanyin safiya ake yinsa. Bayan ƙarfe 10 cikin rufi ba wurin ɗan Adam ba ne.

Daga wata Hajiya a Kano: Na je kasuwa an nuna mini kala biyu, mai ruwan ɗorawa a naɗe da wata mai ruwan ƙasa-ƙasa a yanke kamar katifa. Ta biyun ta fi tsada sosai, mai shagon ya ce ita ce ta gaske. Silin ɗina na roba ne.

Hajiya, dukkansu na gaske ne. Mai ruwan ɗorawar daga yashi da fasassun kwalabe ake yinta, a narka su a kaɗa su zama zare. A Amurka aka fara sana'anta ta da yawa a shekarun 1930, kamfanin Owens Corning da ya yi suna a kanta an kafa shi a 1938. Ta biyun daga baƙin dutse irin na aman wuta ake narko ta, a zafin da ya kai wajen digiri 1,500. Wajen tare zafin rana, in kaurinsu ɗaya, bambancinsu kaɗan ne ƙwarai. Inda ta dutsen ta yi fice shi ne jure wuta, don takan jure fiye da digiri 1,000 ba ta narke ba, ta kuma fi kama ƙara, ta fi ƙin ruwa.

Sai dai tana da nauyi. Santimita 10 na audugar gilashi irin ta nadi bai cika wuce kilo ɗaya da rabi a murabba'in mita ba, ta dutse kuwa takan kai kilo 4 zuwa 10 gwargwadon matsewarta. Silin ɗin roba ba zai ɗauki wannan ba, zai yi ciki ya lanƙwashe. Ki sayi ta gilashin, kuma ko ita ɗin a sa kafinta ya ja waya ko raga a tsakanin katakai ta zauna a kai. Rarar kuɗin ki ƙara kauri da shi. Yawancin abin da ake sayarwa santimita 5 ne, ki sa a yi miki shimfiɗa biyu, ta biyun ta gitta ta farkon don ta rufe mahaɗa.

Za su nuna miki mai takardar gwangwani mai ƙyalli a gefe ɗaya. Ƙyallin yana mayar da zafin kwano, amma sai in akwai sarari a gabansa kuma yana da tsabta. A garinmu ƙurar hunturu biyu ta isa ta dusashe shi in sama yake kallo, don haka kada ki yarda a rage miki kauri da hujjar ƙyalli. Ki duba ledar nadin, kamfanin kirki yakan rubuta kauri da nauyi. Nadin da ya yage ya sha ruwa a shago kada ki karɓa ko da rabin kuɗi ne.

Daga wani malamin makaranta a Kaduna: Gidan ma'aikata ne na da, silin ɗinsa fararen faranti ne masu tauri da ake cewa asbestos. Wasu sun tsage. Ina so in ɓalle su da kaina a hutu, in sa silin POP, wato na farar filasta, da auduga.

Malam, don Allah ka dakata, kada ka taɓa su da guduma. Ko ba ka sa auduga ba har abada, wannan maganar ka riƙe ta. Asbestos ma'adini ne mai zarurrukan da ido ba ya gani. Muddin farantin yana zaune lafiya da fentinsa, haɗarinsa kaɗan ne. Ranar da aka fasa shi, ko aka huda, ko aka goge shi da sanfefa, ƙurar ta tashi, ta shiga huhu, ba ta sake fita. Cutar da take haddasawa, har da sankarar huhu da ta fatar da ke lulluɓe da shi, takan ɗauki shekara 20 zuwa 40 kafin ta bayyana. Birtaniya ta haramta shi gaba ɗaya a 1999, mu kuwa gidajen gwamnati da makarantu da asibitocin da aka gina a da cike suke da shi, yara na wasa da ɓaraguzansa a bola.

Mutane sukan haɗa shi da audugar gilashi saboda duka zare ne. Ba ɗaya ba ne. Hukumar binciken sankara da ke ƙarƙashin Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa asbestos a rukunin farko na abubuwan da aka tabbatar suna jawo sankara, a 2001 kuma ta cire audugar gilashi da ta dutse da ake rufin gida da su daga jerin waɗanda ake zargi.

In farantan ba su ruɓe ba, abin da ya fi sauƙi shi ne a bar su, a shafe tsagar da fenti mai kauri, a yi sabon silin a ƙarƙashinsu da katakai da aka kafa a bango, audugar ta shiga tsakani. In kuwa dole sai an cire, iyali su bar gidan, a jiƙa farantan da ruwa, a zare ƙusa a sauke kowanne sukutum, a naɗe a leda mai kauri. Masu aikin su sa takunkumi mai matatar ƙura, na ƙyalle ba ya tare wannan. A goge ƙasa da jiƙaƙƙen tsumma, kada tsintsiya ta shiga ɗakin. Ka kuma nemi izinin hukumar da ke da gidan tukuna.

Daga wata 'yar'uwa a Manchester, Ingila: Mun sayi tsohon gida na jan bulo, an ce ya haura shekara 100. Kuɗin gas ya ishe mu, ga bango yana tsatsafo da ruwa a lokacin sanyi. Maigidana yana so ya liƙa auduga a bangon ta ciki.

'Yar'uwa, ku fara da sama ku ma. A can kaurin da ake ba da shawara a saman silin santimita 27 ne, 10 a tsakanin katakai, 17 a gicciye a kai. Aiki ne na kwana ɗaya, kuma a cikin duk gyare-gyaren gida yana cikin waɗanda suka fi saurin mayar da kuɗinsu. Ku tuna cewa da zarar an shimfiɗa, saman rufin zai ƙara sanyi, don haka a naɗe bututun ruwa da tanki kada su daskare su fashe, a kuma bar ƙarƙashin tankin babu auduga don ɗumin gida ya riƙa taɓa shi.

Bangon kuwa ki roƙi maigida ya yi haƙuri. Gidajen Ingila da aka gina kafin shekarun 1920 yawanci bangonsu cikakke ne, babu sarari a tsakiya kamar na baya-bayan nan. Tururin girki da wanka da shanyar kaya a ɗaki yana ratsa auduga, ya tarar da bulo mai sanyi, ya zama ruwa a inda ba a gani. Shekara biyu sai ku ji gida yana warin rima, bakin katakan bene sun fara ruɓewa. Ana yin wannan aikin, amma sai an fara gano daga ina danshin yake, an gyara indararo da tsagar bango, an sa fankar zuƙe tururi a kicin da banɗaki, sannan gwani ya tsara yadda za a tare tururin. Tun da gidan ya girmi 1999 da nisa, a duba asbestos kafin a fasa komai. Ku kuma tambayi ƙaramar hukumarku, wani lokaci akan samu tallafin irin wannan aikin.

Daga wani matashi a Maraɗi: Na taya yayana aikin sa faibagilas, kwana biyu jikina na ƙaiƙayi. Guba ce? Kuma ɗakin kakata na ƙasa ne mai rufin azara, zan iya sa mata?

Ƙanena, ba guba ba ce, ƙananan tsinken gilashi ne suka soki fata, kamar ƙaiƙayin gero a masussuka. Ka yi wanka da ruwan sanyi ba tare da dirzawa ba, kayan da ka sa a wanke su daban. Gaba ka sa riga mai dogon hannu, safar hannu, tabarau da takunkumi. In ido ya yi ja bai daina ba, ko tari ya ƙi tsayawa, ka je asibiti.

Ɗakin Kaka kuma ka ƙyale shi. Kaurin bangon tubali da ƙasar da ke kan azara suna shanye zafin rana a hankali, ba ya isa ciki sai dare ya raba, lokacin da ita tana tsakar gida a kan tabarma. In ka rufe bangon da auduga da allo, ka ɓoye wa kanka gara da danshi ne. Kuɗin ka kashe shi a yaɓe da gyaran indararo kafin damina. In kuna son ɗora kwano a sama don kare ruwa, a bar ƙasar rufin yadda take, a ɗaga kwanon kamar kamu biyu yadda iska za ta riƙa ratsawa ta ƙarƙashinsa.